Fankar Motar Hedimasta

A aji huɗu na yi sallama da makarantar boko, kuma ina so a sani ba ni na fara gajiya ba, malamin ne. Daga nan na bi mota. Na yi yaron mota, na yi direban ma'aikata, har gashina ya yi fari gwamnati ta ce in je gida in huta. Na zo unguwar Luggere, nan cikin Jimeta, na huta. Hutun tsohon direba kuwa shi ne ya kafa benci a ƙofar gida, duk motar da ta wuce ya faɗa wa mai ita ciwon da ke damunta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Bappa Direba ake ce mini a unguwa, har waɗanda suka girme ni.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hedimasta. Mutumin wajen Numan ne, Kirista, dogo siriri, ya daɗe yana koyar da 'ya'yan mutane har aka ba shi makaranta guda ya riƙe. Da ya ajiye aiki sai ya sayi mota ta hannu, 'yar ƙarama mai ruwan toka, ya riƙa tuƙa ta kamar an ɗora masa tiren ƙwai a ka. In zai sha kwana, tun daga unguwar baya yake kunna sigina. Nakan ce masa shi lasisi gare shi, tuƙi yana wurina. Shi kuma Farfesa yake kirana, saboda laccar da nake yi masa a kan inji kowace yamma a gindin mangwarona, wanda rabin rassansa a cikin gidansa suke. Yakan tallabe haɓa yana saurare. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na masu ilimi. Ashe haddacewa yake yi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, ba mai yawan magana ba ce. Ita da matata, wadda nake kira tsohuwata, suka sa aka huda katangar baya aka sa 'yar ƙofar langa-langa, don kada gishiri da daddawa su riƙa zagayawa ta titi. Kowace Kirsimeti ni nake yanka musu akuya, don mu ma mu ci da kwanciyar rai. Da sassafe Hedimasta zai leƙo ta saman katanga ya ce mara lafiyata na jira, in ɗauki wuƙata in zagaya. Da Babbar Sallah kuma cinyar ragona ta farko gidansu take zuwa. Haka muka zauna har 'ya'yanmu suka girma.

Sai shekarar nan ta zo da mutanen Mubi suka gudo. Wanda yake Jimeta a lokacin ba sai na ba shi labari ba. Gari ya cika har ya rasa inda zai sa mutane. Makarantu, harabar coci, harabar masallaci, zauren kowa. Ni kaina dangin tsohuwata na wajen Gombi sun cika mini gida har benci na sai da na yi layi kafin in zauna a kansa. Babban ɗan Hedimasta kuwa a Mubi yake aiki, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, shi ya sa nake tsokanarsa da Likita. Ranar da mutanen daji suka faɗa wa garin da bindigogi ya kira uwarsa, ya ce sun nufi duwatsu shi da wasu, kada ta damu. Daga nan waya ta ɗauke.

Kullum da safe Hedimasta yakan tafi tashar Jambutu ya tsaya yana duban fuskokin da ke saukowa daga manyan motoci. Da yamma ya koma bakin gada ya yi irin wannan tsayuwar. Ya daina zuwa lacca. Wata rana ya dawo ya ce shi ya gaji da jiran hanya ta kawo masa ɗansa, zai bi hanyar da kansa, iyakar inda aka bar mota ta kai, yana tambaya ƙauye-ƙauye. Madam ta ce ba ta yarda ba. Ta katanga muke jin su, ba don muna so ba. Ta ce ɗaya ya ɓace mata, ba za ta miƙa na biyu da hannunta ba. Shi kuma ya ce uban da ya zauna a kujera ɗansa na cikin duwatsu, me zai gaya wa yaron in sun haɗu.

Da safen da ya shirya tafiya ya tayar da motar ya bar ta tana ɗumama, ya koma ciki suka ci gaba da gardama. Gardamar ta yi tsawo. Kafin ya fito, allurar zafi ta haye ja, ruwan lagireto yana tafasa, tururi na fita ta ƙarƙashin bonet. Ya kashe ta ya ƙwala mini kira.

Tun kafin in sunkuya hancina ya gaya mini. Akwai wani ƙauri na roba da wayar wuta ke yi in ta ƙone, wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Na sa ya murɗa makulli, inji da zafinsa haka, fanka ko motsi. A irin motarsa, kusa da kan batir, akwai wata guntuwar waya da ba ta kai tsawon yatsa ba, an lulluɓe ta da roba mai laushi. Ta nan wuta ke bi ta je wa fanka. Da gangan aka yi ta siririya, fiyus ce a siffar waya, don in wuta ta yi yawa ita ta ƙone, sauran wayarin ya tsira. Na sa yatsa na ɗan ja ta, sai ta miƙe kamar ɗanko. Cikinta ya narke, roba kawai ta rage. Aikin da bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba, in an samu irinta.

Ban ce komai ba tukuna, don likitan kirki ba ya faɗin ciwo da wuri, sai a raina shi. Na ce a bari ta huce, zan ɗauko kayan aiki.

Ina shiga gida na tarar da Madam a kicin ɗin tsohuwata. Ta biyo ta ƙofar langa-langa. A tsaye take, ɗankwali a karkace, ba ta ko gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Bappa, motan nan ya gyaru?"

Na ce mata ƙaramin abu ne.

"To ka ce masa babba ne. Ba ni na taɓa shi ba, Allah ya gani. Allah ɗin ne ya kashe motan da kansa. Kai dai kar ka tayar. Ka yi mini wannan."

Tsohuwata tana gefe tana gyaran shinkafa, ba ta ɗago ba, amma na san kunnenta duka biyu a kaina suke. Na ce wa Madam ta kwantar da hankalinta, motar nan ba za ta fita ta hannuna ba. Haka na faɗa, da bakina, ba wanda ya matse mini wuya. Ta ce useko, da 'yar Fulatancin da ta tsinta wurin tsohuwata, ta koma ta inda ta fito.

Na zagaya da akwatin kayan aiki, na ɗaure fuska irin ta manyan asibiti. Na ƙwanƙwasa nan, na shinshina can, na girgiza kai. Na ce wa Hedimasta injin fankar ne ya mutu ɗungurungum, irinsa kuma babu a Jimeta, sai an aika Kano, ga hanya yadda take. Ya dube ni ya daɗe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraron yara suna bayanin abin da ya hana su yin aikin gida, ni zan yi wa ƙarya? Bai ce na yi ba. Ya ce, to Farfesa, ya gode.

Na koma bencina ina jin kaina kamar wanda ya ceci rai. Can sai na ji ƙarar ruwa a famfonsu. Na leƙa. Hedimasta ne ya fito da jarkoki, irin rawayan nan na man gyaɗa, yana wankewa yana cikawa yana jerawa a but ɗin motar. Na tambaye shi me ke nan. Sai ya karanto mini laccata, kalma ba ta faɗi ba. Ya ce ai ni na koya masa cewa in mota na gudu a buɗaɗɗiyar hanya iska ce ke sanyaya lagireto, fanka ta tsayuwa ce. To shi gudu zai yi. In ya tsaya ta yi zafi, ga ruwa, ya buɗe ya zuba.

Gaskiya ne, ni na faɗa. Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba.

Abin da laccar ba ta ƙunsa ba shi ne hanyar wannan lokacin. Daga bakin gada har iyakar inda ake zuwa, shinge ne bayan shinge. Layin motoci ya yi tsawo, ana matsawa kaɗan-kaɗan cikin ranar Yola, wadda ba ta san ɗan kowa ba. Batirinsa kuma tsoho ne, ba zai jure a kashe a tayar, a kashe a tayar ba. A layin nan ba ka fita daga mota sai an ce ka fita. Ba ka buɗe bonet. Sojojin yawancinsu yara ne, ba barci, an kashe musu abokai, kuma sun san labarin motocin da ke tsayawa kusa da shinge su tashi da jama'a. Sannan ga jarka. Duk wanda aka gani da jarkoki ya nufi arewa, man fetur yake kai wa mutanen daji har sai ya nuna ba haka ba ne, in an ba shi lokacin nunawa. Na hango shi sarai: mota na hayaƙi a tsakiyar layi, dogon mutum ya fito da sauri ya buɗe but ya ciro jarka.

Na gaya masa duk wannan. Ya ce ruwa ne, in sun shinshina za su ji. Na ce daga nesa suke shinshinawa, da abin da ke rataye a kafaɗarsu. Ya yi 'yar dariya, ya ci gaba da cika jarka. Ya ce gobe da sassafe zai kama hanya, da fanka ko babu.

Ba zan ce hannuna ne ya kuɓuce ba. Da sabuwar guntuwar wayar na aljihuna, da sai in ce tsautsayi ne na minti ɗaya. Sai da na sa hula, na fita titi, na tari keke napep, don an riga an hana acaɓa a gari, na tafi har Jambutu wurin masu sayar da kayan matattun motoci. Hanya a cushe, muna tafiya muna tsayawa. Na samu lokacin tunani fiye da yadda nake buƙata. Sau da yawa na buɗe baki in ce wa mai keken ya juya. Da muka isa na zaga cikin gawarwakin motoci har na samu 'yar'uwar motar Hedimasta, wadda ta yi karo ta baya, gabanta lafiya. Na sa aka yanko mini guntuwar wayar. Mai kayan ya ce me zai hana in sa waya mai kauri in huta, yadda kowa ke yi. Na ce masa in ka sa mai kauri, ranar da wuta ta yi yawa ba ita za ta ƙone ba, motar ce. Har a irin wannan rana ban iya barin lacca ba.

Bayan azahar na shiga gidansu ta ƙofar gaba. Ban bi ta langa-langa ba. Na ce wa Hedimasta na sake nazari, mai yiwuwa ciwon bai kai yadda na faɗa ba. Ya ce manyan farfesoshi ma sukan sake nazari. Ya riƙe mini bonet, don sandarsa ta karye tun tuni.

Na fara cire kan batir. Waya ba ta ƙonewa haka kawai, sai da dalili, don haka na sa hannu na juya fankar, na ji ta cije. Na zura yatsu ta bayanta na zaro busasshen ƙwallon mangwaro, ɓera ya kai shi ajiya ya maƙale tsakanin fiffike da ƙarfe. Fanka ta so juyawa ta kasa, ta ja wuta, waya ta ƙone. Na nuna masa ƙwallon. Ya ce na bishiyata ne, saboda haka tun asali laifina ne. Muka yi dariya mu biyu, kuma ita ce ta ƙarshe da muka yi tare, da na sani da na ja ta ta yi tsawo.

Na yanke ƙonanniyar, na fere bakin wayoyin har jan ƙarfe ya fito fes, na haɗa sabuwar, na murɗe, na matse da filaya, na naɗe da baƙin salatif. Na mayar da kan batir. Na ce ya tayar.

Fanka ba ta tashi da tashin inji. Sai ruwa ya yi zafi ya kai inda ya kamata sannan ta kama. Saboda haka dole a tsaya a jira. Muna cikin jiran Madam ta fito bakin ƙofa da tiren wake a hannu. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi motar ba. Ni ta duba. Ni kuma na samu wani abu mai muhimmanci da nake dubawa a jikin filayata. Allura na hawa a hankali. Wallahi a cikin raina har addu'a na yi kada ta tashi, ni da na je Jambutu da ƙafata. Sai muka ji ƙyas, fanka ta ɗauka, iska mai zafi ta bugo mini fuska.

Madam ta sunkuya ta ajiye tiren a ƙasa.

"Sannu da aiki, Bappa."

Ta shiga ciki. An zage ni a tasha, an zage ni a ofis, wani babban sakatare ya taɓa kirana jaki a gaban matarsa. Ba wanda ya zauna mini a ƙirji kamar wannan sannu.

Hedimasta ya sauke jarkokin ya zubar da ruwan a ƙarƙashin rassan mangwaro. Na ce masa ya bari in tuƙa shi. Sau ɗaya na faɗa, da irin muryar da ake tayin abinci ga wanda aka san ya ƙoshi. Ya ce a'a, in zauna in kula da gida biyu. Ban sake tayi ba. Wannan ma ina sane da shi.

Ya tafi da sassafe. Ya kira daga Song ya ce lafiya. Wajen la'asar ya kira ni daga Gombi, ni ya kira, don Madam ta ƙi ɗaukar wayarsa tun safe.

"Farfesa, fankarka na aiki. Mun daɗe a layi, allura ba ta wuce tsakiya ba. Ka gaya wa mutuniyar ta ci abinci."

Na isar da saƙon ta bakin tsohuwata. Bayan wannan ba mu sake jin muryarsa ba.

Ba a yi mako ba sai ga Likita. Ta Kamaru suka zaga, aka kwaso su a bayan babbar mota. Ƙafafunsa sun kumbura, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Unguwa ta fito, Musulmi da Kirista, ana ta hamdala. Uwarsa ta rungume shi ta ƙi saki. Da ya samu ya ɗago kai sai ya dubi inda ake ajiye mota, ya tambaya ina Baba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na juya na koma gida.

Da hanya ta buɗe bayan watanni, aka aiko cewa an ga motar a wani ƙauye gaba da Hong. Ni da Likita muka je. Tana gindin tsamiya a harabar wata firamare, a kulle, tayoyi sun sace, an lulluɓa mata zana. Wani dattijo ya ce dogon malamin ya kwana wurinsu, da aka ce mota ba ta wucewa daga nan sai ya bar ta a hannunsu ya ce zai dawo, ya ɗauki 'yar jakarsa ya bi hanyar duwatsu da ƙafa yana tambayar wani yaro mai gwajin jini. Iyakar abin da aka sani ke nan, har yau. Muka ari batir, muka sa iska, ta tashi. Ni na tuƙo ta. A kowane shinge in muka tsaya sai in ji ƙyas, fanka ta kama, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau da na tsana kamar wannan ba.

Tun daga lokacin nake zaman kotu a bencina. Ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne wanda ake ƙara, kuma da yake ban yi karatu ba shari'ar ba ta ƙarewa. Lauyana yakan ce ai mutumin da jarkoki zai tafi, da sai a harbe shi a shingen farko. Mai ƙara ya ce wataƙila da ta tafasa tun a kan gada, ya haƙura ya dawo, ya tarar da ɗansa bayan 'yan kwanaki. Lauyana ya ce ka ga ai da mota ta tsaya da ƙafa ya ci gaba. Mai ƙara ya ce daga Hong ya fara tafiyar ƙafa, ba daga Luggere ba, wa ya kai shi Hong? Na kai maganar wurin modibbon masallacinmu, wato babban malaminmu, ya ce ajali ba ya jiran bakanike. Na yarda da shi, ilimi ya fi ni. Sai dai ni na riƙe filayar. Tsohuwata kuwa hukuncinta gajere ne. Ta ce gyaran mota ba ta san shi ba, amma ta ji abin da na faɗa a kicin ɗinta.

Madam ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Muna gaisawa. Da tsohuwata ta kwanta ciwo ita ta yi ta jinya. Cinyar rago tana zuwa, ana karɓa, ana aiko godiya. Shinkafar Kirsimeti ma tana shigowa ta ƙofar langa-langa, da nama a kai. Abu ɗaya ya canza. Tun daga shekarar, wani tela da ke bayan layinmu ake kira ya yanka akuyar. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, illa dai yanka ba ɗinki ba ne. Da safen Kirsimeti nakan ji kukan akuyar ta katanga, in ji ya tsaya, in ci gaba da jan carbina.

Ba ta yarda a sayar da motar ba, ba ta kuma yarda a yi masa jana'iza ba. Motar na nan cikin gida an rufe ta da tamfol. Likita ya yi aure ya koma Demsawo, yakan zo ya tayar da ita don kada inji ya kwanta. A bana gwiwoyin Madam suka matsa mata, hawa keke ya zama wahala, sai ta ce a fito da motar a riƙa kai ta coci da asibiti. Fita ta biyu allura ta haye. Likita ya ce zai kira mai wayarin. Sai ga shi a ƙofata yana sosa ƙeya, wai Mama ta ce Bappa za a kira.

Na ɗauki akwatina, wanda tsatsa ta kusa cinyewa, na sa tabarau. Madam ta sa an fito mata da kujera kusa da motar, ta miƙe ƙafa. Na sunkuya. Salatif ɗina ne, na gane naɗin hannuna, ya bushe ya farfashe. Na ja wayar ta miƙe. Wannan karon ba ɓera, tsufa ne ya kama fankar, ta yi nauyi, tana son mai. Na aiki Likita Jambutu, na kwatanta masa irin wayar, na ce kada ya yarda a ba shi mai kauri. Ya tafi ya bar mu mu biyu.

Na yi ta goge abin da ba ya buƙatar gugewa. Can ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Ranar nan, tun kafin ka dawo daga Jambutu, ya riga ya ajiye jaka da takalmin tafiya a bayan ƙofa. Ya ce in mota ya ƙi, tasha zai je. Na gani da idona."

Na ce to Madam, in haka ne, duk shekarun nan fa?

"Shi ba ya nan in yi fushi da shi. Allah kuma ba a fushi da shi. Kai ne a kusa."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na fara gyara murya in ce wani abu na dattako. Ba ta gama ba.

"Amma ka ce mini ba zai fita ta hannunka ba. Da ka ce mini a'a a kicin ɗin nan, da na tashi na dafa masa abin tafiya, na ɗauki wayarsa da ya kira. Na zauna ina jin na riga na ci, shi ya sa na yi masa taurin kai. Wannan ɗin naka ne, Bappa."

Buhun ya dawo, ya zauna daidai inda yake, sai dai yanzu na san abin da ke ciki. Duk zaman kotun da na yi, a kan waya da fanka na yi shi, ba a taɓa kiran wannan shaidar ba. Na ce mata haka ne. Ban ƙara komai ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Likita ya dawo da wayar. Hannuna yanzu rawa yake yi, idona kuma ba ya raba jan waya da baƙa sai a rana. Na fere, na haɗa, na zo matsewa filaya ta suɓuce ta faɗi kusa da ƙafar Madam. Likita ya yunƙura, ta riga shi. Ta sunkuya da gwiwoyin nan nata ta ɗauka ta miƙo mini. Na matse, na naɗe, na ɗiga wa fankar mai. Aka tayar, muka jira, mu uku. Da ta kama, Madam ta ce wa ɗanta ya kawo wa Bappa ruwan sanyi, ya daɗe a rana.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban san da wane baki zan fara ba. Ranar Lahadi na ga motar ta fita, Likita na tuƙi, ya kunna sigina tun daga ƙofar gida, jini ba ya ɓuya. Ta ɗago mini hannu ta taga.

Kirsimeti saura 'yan makonni. Jiya na ji kukan sabuwar akuya ta katanga. Telan yana nan da ransa da lafiyarsa, ba na kuma yi masa fatan komai sai alheri. Ni dai na ciro wuƙata daga ƙarƙashin gado na wasa ta. Tsohuwata ta tambaye ni ta mece ce, na ce mata tsatsa nake cirewa.